Baitin da Ya Ɓace a Waƙar Inna

A ɗakin binciken kimiyyar da take aiki, Anti Zufa suke ce mata, kuma ba ta taɓa jin haushi ba. To, ƙarya aka yi? Tun tana budurwa take kiwon ƙwayoyin halittar da aka ɗebo daga maɓuɓɓugar ruwan zafi, 'yan mitsi-mitsin da ido ba ya gani, waɗanda in ruwa bai kusa tafasa ba sai su ce ana sanyi. Ita ke haɗa musu abinci, ita ke jera kwalabensu a injin da ke jijjiga su cikin zafi, ta fito sharkaf da zufa.

Jijjigar nan ce ta hana ta sakat. Kaɗawarta ɗaya da waƙar da mahaifiyarta, marigayiya Inna, ke yi in tana wanki. Anti takan ɗauko waƙar tiryan-tiryan, sai a tsakiya ta tsinke. Baiti guda ya ɓace mata, kuma kewarsa na cin ta kamar jiya aka yi rasuwar.

Wata rana ta tambayi shugabar ɗakin, "Wai Dokta, zafin nan ba ya lalata su?"

"Sosai ma. Yana tsinka zaren gadon da ke cikinsu, wanda ake ce wa DNA. Sai su jera shi da wani zaren mai lafiya, wani lokacin na 'yar'uwa, su kwafe abin da ya ɓace."

"In na 'yar'uwar ma a nan ya tsinke fa?"

"Sai haƙuri."

Anti tana da yaya guda. Aure ya kai ta nesa, zumunci ya koma gaisuwar waya sama-sama. Ba faɗa suka yi ba, rayuwa ce kawai. Da aka tashi cin abincin rana ta fita baranda ta kira ta.

"Yaya, waƙar wankin Inna." Ta rera har inda take tsinkewa, ta tsaya.

Can sai ta ji Yaya na jan hanci.

"Ke 'yar nan, Allah ya shirye ki! Ni da nake cewa yana wajenki? Shekara da shekaru ina jin nauyin tambayarki, kar ki ce na manta Inna."

Babu sauran wanda za a tambaya. Anti ta jingina da bango ta ce, "To, mu sake daga farko."

Suka ɗauko tare. Da suka iso wurin, kowacce ta yi shiru tana jiran 'yar'uwarta.