Sista Prudence da kunyar ɗan fari

Shara da goge-goge nake yi a ɗakin masu jego, a wani ƙaramin asibiti a Kwali. Lokaci-lokaci masu duba aiki sukan zo daga cikin gari su tambayi mata ko ana kula da su. Kowacce sai ta ce Alhamdulillah. Ni ban cika yarda da baki ba. Abin da na gani shi zan faɗa.

Sista Prudence ungozoma ce, 'yar Kagoro. Ta tsufa a aikin nan, ƙafafunta na kumbura, da silifas take yawo. Ba ta da fara'a, Hausarta ma ba ta cika raba mace da namiji ba. Amma ba ta sallamar mai jego sai ta taɓa mararta, ta duba jini, ta tabbata jariri ya kama nono.

Wata safiya wata mai suna Kauthar ta haifi ɗanta na fari. Surukarta, wadda ake kira Iya, da dangi suka kewaye gadon. Kauthar ta juya fuska bango, don a gidansu ba a kallon ɗan fari a gaban manya, balle a ba shi nono. Aka tambaye ta ko ya sha, ta gyaɗa kai. Bai sha ba. Har azahar bakinsa a bushe, kukansa ya fara raguwa, ga mai keke yana jira a waje ya kai su gida.

Sista ba ta yi wa kowa lacca ba. Ta ce wa Iya za a goge ƙasa, kowa ya fita. Ta yi mini ido, na ɗauko bokiti na jiƙa inda na riga na goge. Ta ja labule, ta ɗora yaron a ƙirjin uwarsa, ta gyara masa kai, sannan ta juya musu baya tana fuskantar taga.

"Ba wanda yana ganinki," in ji ta. "Ni ma ba na gani. Duba yaronki."

Can na ji Kauthar tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, sai kuma ɗan sautin haɗiya. Sista ta karkata kunne, ba ta waiwaya ba.

Iya ta leƙo daga ƙofa tana tambaya ko ƙasar ta bushe.

"Da saura, Mama," in ji Sista.

Na ƙara zuba ruwa.