Yatsan Injiniya a Gefen Faifai

A ƙarshen shekarun saba'in ina aiki a Vom, a ɗakin gwajin jinin shanu, kuma duk mako Lahadi nake jira. Da na yi azahar a gidanmu a Gangare, cikin Jos, sai in ɗauki kwalbar madarar da na taho da ita daga wurin aiki, in nufi unguwar Congo-Russia, shagon wani mai gyaran rediyo da muke kira Injiniya. Ran Lahadi ba ya karɓar aiki. Yakan ture matattun rediyoyin mutane gefe, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya ɗora garmahonsa, mu kuma mu jeru a benci da kofunan shayi mu saurari kiɗan jaz har a kira magariba.

Mu huɗu ne ba ma fashi. Injiniya mutumin piyano ne. Akwai Tela, maƙwabcinmu a Gangare, wanda in ba a ba mai ganga fili ya yi haukansa ba, to a wurinsa ba a yi kiɗa ba. Ni masu busa ƙaho nake so, musamman sababbin da suka fara haɗawa da jitar lantarki, kuma a lokacin ina da baki, ba a kayar da ni a gardama ko da ni ne ba ni da gaskiya. Na huɗunmu dattijo ne, Ibo, mai sayar da kayan keke, kowa Baba yake ce masa.

Injiniya yana da dokoki biyu. In allura ta sauka a kan faifai, ba mai magana sai ta kai ƙarshe. Ta biyun ta fi tsanani: ba a taɓa faifai yana juyawa. Tela ya taɓa miƙa hannu zai cire wani zare da ya faɗa a kai, Injiniya ya buge masa yatsu da sukundireba, ya kuma hana shi shayi a ranar. Amma da an ɗaga allura sai baki ya buɗe. Mun fi yin gardama a kan tsofaffin fayafayan da kamfanoni suke sake bugawa. Injiniya ya ce na asali sun fi nauyi a hannu da a kunne, sababbin kuwa sirara ne kamar murfin gwangwani. Ni na ce tsufa ne kawai yake damunsa. In gardama ta ƙi ƙarewa sai mu juya wurin Baba.

Ban taɓa ganin kunne irin na Baba ba. Yakan juya mana baya, a sa faifan da bai ga bangonsa ba, kafin mai busa ya ja numfashi na biyu ya faɗi ko wane ne. Wata rana ya ce mai piyanon da ke gefe na biyu ba shi ne na gefe na farko ba. Muka duba ƙananan rubutun bayan bango, haka ɗin ne. Abin mamakin shi ne wannan mutum ba shi da faifai ko ɗaya, ba shi da garmaho.

A da yana da su. Tun yana saurayi yake Jos, nan ya yi aure, nan ya tara akwati guda na fayafayai. Da rikici ya tashi kafin yaƙin basasa, shi da matarsa suka gudu garinsu da kayan jikinsu. Bayan yaƙi ya dawo shi kaɗai, matar ta rasu a can, ɗakin kuma ya tarar da wasu a ciki. Bai taɓa yi mana dogon bayani ba, mu ma ba mu tambaya ba. Abu ɗaya kawai yake ambata, wani faifai na wani mai busa ƙahon saksofon, waƙa ta biyu a gefe na farko. Ya ce duk Lahadi in sun dawo daga coci matarsa takan sa shi, tana tsince shinkafa tana bin waƙar da hanci. Wani lokaci tsakanin faifai da faifai sai mu ji Baba yana rera ta ƙasa-ƙasa, a hankali, da nauyi, kamar mai hawan dutse da kaya. Har mu muka haddace ta a bakinsa. Ya san sunan mai busan da sunan waƙar, amma faifan ya daɗe da ƙarewa a kasuwa, sama da shekara goma bai ji shi ba.

Ni na gani a wata mujalla cewa an sake buga shi. Wani likitan dabbobi a wurin aikinmu zai tafi hutu ƙasar waje, na rubuta masa sunan a takarda, na bi shi har bakin mota ina tuna masa. Ban gaya wa kowa ba. Gaskiya ba don Baba kaɗai na yi ba, ina so a ce ni na kawo abin da ya gagari kowa. Da faifan ya iso na naɗe shi a tawul, na rungume shi a mota daga Vom har gari, ina hararar duk wanda ya matso kusa da ni.

Ranar ana yayyafi, irin na damina mai shiga ƙashi. Na bari aka zuba shayi sannan na warware tawul. Baba ya karɓi bangon da hannu biyu, ya daɗe yana kallon hoton, ya ce shi ne, har hular. Injiniya ya goge faifan, ya ɗora allura daidai kan waƙa ta biyu. Busa ta tashi garau, da zafinta, mai ganga yana kora ta. Tela har ya fara kaɗa ƙafa. Ni Baba nake kallo, ina jiran hawaye. Sai na ga fuskarsa tana rufewa. Bai karya doka ba, ya jira aka ɗaga allura, sannan ya ajiye bangon a kan benci.

"Ba shi ba ne," ya ce.

Raina ya ɓaci. Na nuna masa sunan, na nuna masa inda aka rubuta cewa daga ainihin naɗin farko aka ɗauko. Ya ce ya gani, amma wanda ya sani murya gare shi babba, kuma ba ya gudu haka. Tela ya ce wataƙila kamfanin ne ya sa wani naɗin daban, sun saba. Injiniya ya karanta bayan bangon sau biyu ya ce a'a, sau ɗaya aka naɗi waƙar nan. Nan bakina ya kai ni inda har yau nake jin kunya. Na ce, "Baba, shekara goma fa ba kwana goma ba ce. Kunne ma yana tsufa."

Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya dube ni ya ce wataƙila gaskiyata ce. Ya ce gidansa ya salwanta, hoto ko ɗaya bai tsira ba, waƙar nan ce kaɗai ya ɗauka yana riƙe da ita daidai, to in ita ma shi ya ƙirƙira, shi ke nan. Ya jawo hularsa ta ulu ya miƙe zai tafi cikin ruwan. A lokacin na gane abin da na taɓa.

Injiniya ne ya tsayar da shi, da wata tambaya da na ɗauka ta banza ce. Ya ce garmahon da yake da shi a da, a ina ya samo? Baba ya ce wata nas ce Ba'amurkiya ta bar masa da za ta koma ƙasarsu. Injiniya ya ce ko yana da wani akwatin ƙarfe mai nauyi da ake fara sawa a wuta kafin a jona shi? Baba ya ce ƙwarai, baƙi, yana ɗumi in ya daɗe. Injiniya ya ce ya taɓa jin faifan a garmahon wani? Baba ya ce bai taɓa fitar da shi daga ɗaki ba.

Injiniya ya zauna a kan tebur ya dafe kai. Ya yi mana bayani cewa wutar lantarkin Amurka ta fi tamu saurin bugawa, kuma injin irin wancan garmaho bugun wuta yake bi. Akwatin ƙarfin wutar kawai yake ragewa, ba ya canza bugun. Saboda haka duk shekarun nan garmahon Baba a hankali yake juyawa, duk abin da aka ɗora masa sai ya fito da nauyi, da jan jiki. Wanda bai taɓa jin faifan a wani wuri ba, ta ina zai sani?

Ya ce Baba ya zauna. Ya ɗauki alli ya ɗiga fari a gefen farantin da faifai ke zama a kai, ya ce in cire agogona in shirya ƙirga. Ya mayar da allura. Sannan, muna kallo, mutumin da ya bugi Tela saboda zare ya ɗora babban yatsansa a gefen farantin yana juyawa, ya danna. Tela ya buɗe baki, ya kalle ni, ya rufe.

Sautin ya fara sauka. Gangar ta daina gudu, saksofon ya yi ƙasa, ya yi kauri. Baba ya juya mana baya kamar yadda ya saba, ya ɗaga hannu ɗaya. "Ƙara," ya ce. Injiniya ya ƙara dannawa. "Ya yi yawa. Saki kaɗan." Sai hannun ya tsaya cak a sama. "Nan."

Wallahi waƙar da muka haddace a bakinsa ce ta cika shagon, ba ragi ba ƙari. Ya fara bin ta da hanci, muryarsa da busar suka hau kan juna kamar tare aka naɗe su. Na tuna aikina, na ƙirga ɗigon allin yana wucewa har minti ya cika, na samu ashirin da takwas. Daga baya Injiniya ya yi lissafi a bayan kwalin batir, abin da wancan garmaho zai yi a wutarmu ke nan, bai kai ashirin da takwas ba da ɗan kaɗan. Ni da nake aiki da ma'auni kullum, na san sai an gyara su duk wata. Wannan dattijo ya ratsa yaƙi da yunwa da rashi da waƙa a kansa, bai bari ta goce ba. Tsoro ne ya kama ni, irin wanda mutum ke ji a gaban abin da ya fi shi.

Da waƙar ta ƙare ba wanda ya yi gardama. Na durƙusa a gaban benci na ce Baba ya yafe mini. Ya dafa kaina kawai, hankalinsa yana kan bangon faifan. Ya ce matarsa kullum takan ce duk wanda ya busa wannan an yi masa mutuwa, har takan sa shi a addu'a in sun je coci.

"Ashe mutumin nan murna yake yi," ya ce. "Shekara da shekaru tana jin tausayinsa."

Ya yi dariya, ya share ido da hular. Tela, da ba ya iya barin shiru ya daɗe, ya tambaye shi a hankali wanne za a sa yanzu, na kamfani ko na yatsa. Baba ya ce na kamfanin mu ajiye, namu ne, wata Lahadin zai koyi jin sa. Ya dubi Injiniya, ya dubi yatsan da ya riga ya yi ja, ya ce in ba zai cutu ba, akwai sauran waƙa uku a gefen nan, kuma matarsa ba ta taɓa tashi ba sai sun ƙare.

Injiniya ya tsoma yatsan a ruwan sanyi, ya goge a wando, ya mayar da allura. Da hannunsa ya gaji Tela ya karɓa. Ni na riƙe ta ƙarshe, farantin yana cin fatar yatsana, Baba yana ɗaga mini hannu duk sanda na yi sauri.