Baba Obadiah da Motar da ke Durƙusawa

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Yuni na wannan shekara ta 1977, Ubangiji ya kira bawansa Baba Obadiah Sambo, tsohon babban makanike na Loko, wato gidan gyaran injinan jirgin ƙasa, a Reluwe ta Kafanchan. Ya faɗi ne da safe a tsakar gidansa na Fadan Kaje, aka ɗauke shi zuwa asibiti a Kafanchan, bai kai la'asar ba. Likita ya ce hawan jini ne. Mun binne shi ranar Alhamis a bayan gida, ana yayyafi. Ni ce Selina, malamar firamare, matar marigayi Rufus ƙanensa, ni ce kuma na dama kunun da ya sha a safiyar da ya faɗi. Na faɗi wannan da bakina tun daga farko, domin na san ana faɗinsa a bayan idona.

Baba, a wurin jana'izarka na ji masu jawabi suna cewa kai mutum ne mai yarda da kowa. Na sunkuyar da kai don kada a ga fuskata. Ko dai ba su san ka ba, ko kuma suna jin daɗin ba za ka tashi ka ƙaryata su ba. Kai da ba ka sayen dawa sai ka ƙwanƙwasa gindin mudu. Fasto in ya karanta aya, sai ka buɗe naka Littafin ka bi da yatsa. Kome aka gaya maka, amsarka ɗaya ce, "Ban yarda ba tukuna," har yaran unguwa suka sa maka suna Baba Tukuna. Ka taɓa ce mini a Loko ka koyi halin, domin makaniken da ke saurin yarda da birki fasinja yake kashewa. Da wannan hali naka mai wuyar zama ka tsare mini mutuncina, shi ne kuma abin da nake so in tuna a nan.

Da ka yi ritaya ka sayi wata tsohuwar baƙar mota a hannun wani Baturen kuza da zai koma ƙasarsu. Ba ta da sifirin irin na sauran motoci. A kan iska take zaune. Kowace ƙafa tana da jakar roba, akwai famfo da injin ke juyawa yana cika tanki, bututu yana kai iskar cikin jakunkunan, bawul kuma yana auna tsayinta. Mutanen gari ba su san wannan ba. Abin da suka sani shi ne motar Baba Tukuna tana numfashi, kuma ko a kan hanyar Kagoma mai ramuka, ƙwai ba ya fashewa a cikinta. Da ita ka kai mata masu naƙuda asibiti ba adadi, kana tuƙi kana tambayar mazajensu ko sun tabbata naƙudar ce.

A daminar 1974 ta fara durƙusawa. A ajiye ta da yamma tana tsaye sosai, gari ya waye a tarar da gabanta na hagu ya sauka har ya kusa taɓa ƙasa. Inda kake ajiye ta kuwa, wannan kusurwa ƙofar ɗakina take kallo.

Ni baƙuwa ce a gidan nan, daga Kwoi aka auro ni. Rufus ya tafi yaƙi bai dawo ba. Ɗana guda, Celestine, ƙyanda ta ɗauke shi, kabarinsa yana bayan gida. Macen da ta rasa miji da ɗa tana nan da ƙafarta, ba a rasa abin faɗa a kanta. Yayarka, Gwaggo Mildred, ita ta fara. Ta tsaya da tsintsiya a hannu ta dubi motar, ta dubi ƙofata, ta ce, "Kun gani? Har ƙarfe ya san ta. Yana gaishe da uwar ɗakinsa." A wurinmu ƙarami ne ke durƙusa wa babba, to me ƙarfe ya gani a jikina da zai durƙusa mini? Kafin Lahadi maganar ta zaga gari. A zumuntar mata benci ya yi mini faɗi, ba mai zama kusa da ni. Wata uwa ta zo ta cire 'yarta daga ajina. Ba wanda ya furta kalmar mayya a gabana, amma na ji ta a yadda ake amsa gaisuwata. Sai dangi suka fara shawarar a mayar da ni Kwoi, in bar ɗaki, in bar gonar cittar Rufus, in bar kabarin ɗana.

Na zo na durƙusa a gabanka ina kuka, ina jiran ka ce mini kada in damu. Ba ka ce ba.

"Malama," ka ce, "ban wanke ki ba, ban kuma kama ki ba. Kina cikin layi."

Na ce wane layi?

"Layin waɗanda nake zargi. Taya ce a gaba. Sai famfo, sai tanki, sai bawul, sai bututu, sai jaka. Sai Baturen da ya sayar mini. Sai ni. Ke ce ta ƙarshe. In na gama da su duka ban sami mai laifi ba, zan zo kanki."

Na tashi ina jin haushinka, Baba, ba zan ɓoye ba. Sai daga baya na gane cewa a duk gidan kai kaɗai ka sa ni a ƙarshen layi.

Abin da ka fara yi shi ne juya motar. Ka ajiye ta baya da gaba ba ka gaya wa kowa dalili ba. Da safe aka tarar ta durƙusa da wannan ƙafar dai ta hagu, amma yanzu ɗakin Gwaggo Mildred take gaishewa. Ka zauna a kan turmi kana shan kunu, ka ce, "Yaya, yau ke ce uwar ɗakin." Ta ce ai ni na aiko ta. Ka kai ta harabar majami'a ta kwana, ta durƙusa wa bukkar awakin Fasto. Aka ce irinmu nisa ba ya hana mu aiki. Nan ka gane juyawa ba za ta isa ba, sai an ga mai laifin da ido.

Ka bi layin ɗaya bayan ɗaya. Taya ka kai wa Malam Hussaini mai faci a Kafanchan, ya tsoma ta a ruwa ya ce lafiyarta lau, ka sa ya sake tsomawa. Famfo ka wanke shi daga zargi da kanka, domin da an tayar da injin motar takan miƙe a hankali, kamar tsohuwa ta tashi daga tabarma. Ka buɗe ƙasan tanki, ruwa mai tsatsa ya zubo, ka yi murna, washegari ta sake durƙusawa. Ka kwance bawul ka wanke, ka duba sandar da ke haɗa shi da ƙafa ko ta lanƙwashe. Ba ka taɓa shiga ƙarƙashinta ba sai ka tokare ta da guntayen katakon layin dogo, kana cewa abin da ke zaune a kan iska ba a ba shi amanar ƙirji. Sa'an nan ka kaɗa sabulu a kwano, ka bi kowane mahaɗin bututu da gashin kaza kana shafawa, kana jiran kumfa ta taso. Ba ta taso ba. Ka shafa jakar ma, shiru.

Kwanakin nan su ne mafi ɗaci a gare ni. Layin yana raguwa, ina matsowa gaba. Na ga ka fara dubana ta gefen ido. Na kawo maka tuwon acca da miyar karkashi, abincin da ka fi so, ka ce in ajiye, da yamma na ɗauke kwanon yadda na kawo shi. Na fara ɗaure tufafina a cikin zane.

Wata safiya ka tayar da injin, kana tsugune kana kallon motar tana miƙewa, sai ka ce wa matarka Mama Irene ta kashe injin. Ka lura cewa duk shafe-shafen da kake yi, motar tana tsaye ne cike da iska. Jakar kuwa tana da wani ninki a gindinta wanda ke naɗewa yana warwarewa yayin da motar ke hawa da sauka, kuma sabulunka bai taɓa shiga cikinsa ba. Ka sa jak ka ɗaga ta kaɗan har ninkin ya buɗe. Ka leƙa, amma ba ka shafa kome ba. Ka ce a kira kowa da kowa.

Da aka taru, ka miƙa mini kwanon sabulu in riƙe, ka miƙa wa Gwaggo Mildred gashin kaza. Ka ce ita za ta shafa, domin in kai ka shafa za a ce an juya maka kai. Ta tsuguna da ƙyar tana dafa gwiwa, ta shafa inda ka nuna. Kumfa ta taso ƙanana-ƙanana, a jere, tana tafasa kamar burkutu a tukunya. Robar ta tsattsage a cikin ninkin, tsaga siririya wadda ido ba ya gani sai an matso.

Gwaggo ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta ce, "To wa ya huda ta?"

"Shekaru, Yaya," ka ce. "Su ne suka huda gwiwarki ma."

Ba wanda ya roƙe ni gafara, ban kuma sa rai ba. Amma da rana ka aiko a kawo maka tuwon acca, ka cinye a tsakar gida inda kowa ke gani, ka ce gishiri ya yi yawa. Na koma ɗaki na kwance ɗaurin tufafina.

Sabuwar jaka sai da ta yi watanni kafin abokanka na Reluwe su samo ta a Legas su aiko ta a jirgi. Ranar da za ka ɗaura ta, ni ka kira in miƙo maka sifana ta ɗaure noti. Ka ce sauran jakunkuna ukun sa'o'in juna ne da wadda ta mutu, wata rana wata za ta durƙusa, kuma ba lalle kana nan ba. Ka koya mini layin tun daga taya har ƙarshe, ka sa na maimaita kamar 'yar aji ɗaya. Na yi dariya a lokacin, domin ban ga ranar da zan buƙace shi ba.

Baba, ranar ta zo. Safiyar Jumma'a, washegarin binne ka, na buɗe ƙofa na tarar da motar a bakin ɗakina, ta durƙusa da ƙafar hagu ta gaba. Tun waccan shekarar ba ka sake ajiye ta a wurin ba, ƙarƙashin mangwaro take kwana, gabanta yana kallon hanya. Na tambayi wanda ya matsar da ita, kowa ya ce bai sani ba, wai an dai buɗe wa masu zaman makoki fili ne. Masu zaman makokin kuwa sun gani. Kafin rana ta yi tsaka na ji ana haɗa maganar motar da maganar kunu.

Ban yi kuka ba wannan karon. Na jira baƙi suka ragu, na roƙi Mama Irene mabuɗi, na jawo katakon layin dogo, na kaɗa sabulu. Taya lafiya. Famfo ya ɗaga ta. Tanki a bushe. Jakar da na fi zargi, na buɗe ninkinta na shafa har sau biyu yadda za ka yi, ba kumfa, ai ita ce sabuwar. A mahaɗin bututu da ke shiga jakar ne kumfa ta taso, manya-manya, ba irin ta tsagar roba ba. Notin wurin a kwance yake. Shekaru ba su kwance noti, kuma ba su barin sabon tabon sifana yana ƙyalli a kan tsohon ƙarfe. Na buɗe akwatin kayan aikinka, inda kowane abu yake da gurbinsa, na tarar da gurbi ɗaya babu kome, gurbin sifana.

Ka koya mini in gama da ƙarfe da roba kafin in kai ga mutum. Na gama da su, Baba, mutum ya rage. Ban kama sunan kowa ba. Waɗanda suka san notin da za a taɓa ba su da yawa, waɗanda gonar Rufus ta tsone wa ido su ma ba su da yawa, amma ban yarda ba tukuna. Na kira Mama Irene ta gani da idonta, ta ce in bar notin yadda yake har dangi su zauna. Na bar shi. Kwanon sabulu da gashin kaza suna bakin ƙofata, duk mai shakka ya zo ya shafa da hannunsa. Kwoi kam ba zan koma ba. Celestine yana bayan gidan nan, yanzu ga ka kwance kusa da shi, ni zan riƙa share muku wurin.

Ina kewarka ƙwarai. Masu cewa sun yarda da ni suna da yawa a kwanakin nan, suna riƙe hannuna suna kallon wani wuri. Na fi son zarginka da yardarsu, domin naka yana da layi, yana kuma da ƙarshe.

Ubangiji Allah ya ji ƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutawa a wurin Yesu Almasihu, inda za ka ga kome a sarari har ka ce ka yarda. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama Irene, Allah ya share mata hawaye, ya zama mata mafaka. Ga Gwaggo Mildred, wadda ta goya ka tana yarinya, yau kuma ta ga kabarinka, Allah ya ba ta haƙuri. Ga ɗanka Wilfred da ƙannensa, ga tsofaffin abokan aikinka na Loko, ga dattawan ikilisiya da dukan mutanen Fadan Kaje, Allah ya ta'azantar da mu, ya sa namu ƙarshen ya yi kyau. Wanda kuma ya ɗauki sifanar, shi ma ina yi masa gaisuwar rashi, domin na tabbata ɗan gida ne kuma ya yi kuka tare da mu a bakin kabari. Ya mayar da ita gurbinta. Ya san Baba ba ya son kayan aikinsa su kwana a waje.