Wayar da Bai Yanke Ba

A layin masu gyara babu wanda yake kiransa da sunansa na yanka. Nan-take ake ce masa, saboda duk rishon lantarkin da ya bi ta hannunsa, kafin ka ɗauraye kofi ruwa ya tafasa. Shagonsa ɗan tsugul ne ƙarƙashin matakalar bene, da benci mai tabon ƙuna, da murɗaɗɗun wayoyin risho rataye a ƙusa.

Sirrin nasa bai wuce filaya ba. In zai saka sabuwar waya a risho, sai ya ɗan juya wa mai kaya baya, ya datse wani sashe ya jefa ƙarƙashin benci. Ya taɓa makarantar koyon sana'a kafin ya bari, kuma abin da aka koya masa bai zube ba. Ya san in waya ta gajarta turjiyarta raguwa take, wuta ta kwararo da yawa, risho ya yi ja wur. Ya san wayar bangon ɗakunan haya siririya ce, ba ta ɗaukar wannan. Yakan gaya wa kansa mutane ne ba su da haƙuri. Amma abin da yake saye da guntayen nan shi ne yadda mata suke cewa a gaban sauran masu gyara, "Ai hannun Nan-take daban ne."

'Yarsa ta fari, wadda yake kira Uwata don sunan mahaifiyarsa ta ci, ita ma ta tashi tana faɗin haka. Saboda shi ta karanta lantarki. Duk duniya kallon da take masa ne kaɗai yake tsoron ya rasa. Da ta samu aiki ta kama ɗaki, shi ya haɗa mata risho da kansa. Ya ɗauki filaya, ya dubi wayar, ya mayar da filayar aljihu.

Sai soket ya kama da wuta a ɗakin wata mai ɗinki da ke bayan layin. Labule ya ci, atamfofin mutane suka ci, ita kuma hannunta na dama ya saɓule wajen fizgo wayar. Rishon gyaransa ne. Aka fara ƙus-ƙus. 'Yar ta tsaya tsakiyar layi ta wanke ubanta tas, ta ce wayar maigidan hayar ce ruɓaɓɓiya, kuma za ta nuna musu da awo.

Ranar ta zo shago da hantsi, da rishon mai ɗinkin a buhu da mitarta a jaka.

"Uwata, bar wannan ƙazanta, za ki ɓata kayanki."

"Bari dai, Baba. So nake in rufe musu baki."

Ta canza wayar jonawa, ta kunna, ta maƙala mita. Wutar gari bolt ɗari biyu da ashirin ce, shi ne ƙarfin da ke turo ta. Wadda risho yake ja kuwa amfa takwas. Ta yi lissafin a fili yadda shi ya koya mata tana ƙarama: a raba bolt da amfa a samu turjiya, om ashirin da bakwai da rabi. A ninka bolt da amfa a samu abin da yake ci, wat dubu ɗaya da ɗari bakwai da sittin. Ta juya rishon. A gindinsa an buga dubu ɗaya da ɗari.

Ya ga tana nema masa hanya.

"Ƙila wayoyin da ake kawo maka ne gajeru," ta ce. "Kai ba aunawa kake ba, da ido kake aiki. Ina ka sani?"

Da ya ce e, da magana ta ƙare. Amma a ce shi, Nan-take, bai san aikinsa ba, a bakin 'yarsa? Ya shiga goge benci.

Tana naɗe wayar mita sai hannunta ya tsaya.

"Baba, rishon ɗakina fa?"

"Me ya same shi?"

"Ba ya sauri. Abokiyar zamana har tsokanata take, wai 'yar Nan-take ce mai rishon tsofaffi. Na taɓa auna shi don wasa. Amfa biyar ne. Om arba'in da huɗu, wat dubu ɗaya da ɗari cif."

Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin benci, ta jawo kwalin da guntayen suke, ta ɗauki ɗaya ta juya shi a yatsunta. Bakinsa a datse yake sumul.

"Ashe ka san inda wuta ba ta dace ba," ta ce.

"Uwata."

"Hannun da take ɗinki da shi ne, Baba."

Ta mayar da kwalin inda yake, ta saka rishon a buhu. A bakin ƙofa mai gyaran fanka ya ɗago kai yana murmushi.

"Injiniya, an rufe musu bakin?"

Ta wuce abinta.

Ba ta tona shi ba. Layi ya gaji da maganar ya kama wata, ana kawo masa aiki har yau. Takan zo gida ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda ya kamata, ta tambayi jikinsa, ta shige wajen uwarta. Shago ne ba ta sake takawa ba. Mai ɗinkin kuwa, an ce 'yar tasa ce take kai ta asibiti wankin ciwo.

Wani yammaci ɗan acaɓa ya sauke masa buhu, ya ce wata ce ta aiko. Rishon 'yarsa ne, a goge fes, wayarsa cikakkiya. Ya ɗora shi a kan kanta. Masu kawo gyara sukan taya, ya ce ba na sayarwa ba ne, ba ya sauri.