Guntun Kwali Mai Haruffa Biyar

Ina tsaye a wani shagon magani a bakin kasuwar Gwaram, sai ga wani dattijo ya shigo da sauri. Dogo ne siriri, lakar gona ta bushe a ƙafafunsa, ga sabon shatin cizo a damtsensa. Ya zaro guntun kwali daga cikin hularsa ya ajiye a kan kanta da hannu biyu. Haruffa biyar kawai suka rage a jiki: CHLOR.

"Wannan nake so, Malam. Maganin 'yata ne, ita ta yayyaga kwalin."

Mai shagon ya duba, ya ce, "Baba, masu farawa da haka ai suna da yawa. Akwai chloroquine na zazzaɓi, akwai chlorpheniramine na mura, akwai chloramphenicol, akwai chlorpromazine. Me ke damunta?"

Dattijon yana bin kowane suna da leɓe, amma duk ɗaya suke a kunnensa. Ya waigo ya dube mu, ya sassauta murya.

"Kwana huɗu ba ta runtsa ba."

Na sake duban cizon damtsensa. Ina jin a kulle ya baro ta a ɗaki, uwarta na zaune a bakin ƙofa tana sauraron ihunta.

Mai shagon ya ce, "Sai ka koma asibitin Birnin Kudu a sake rubuta maka. Ba zan canka ba."

Dattijon ya kama hannun mai shagon ya riƙe.

"To ba ni dukkansu, ɗan nan. Mu gwada ɗaya bayan ɗaya."