Makon da Muka Zana Barci

Warin ruɓaɓɓiyar albasa ne ya tashe ni ran nan. Tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gadar iyaka da ke tsakanin Gaya da Malanbil, kamyoyi, manyan motocin kaya, suka yi layi a bakin hanya, kayansu na narkewa cikin buhu. In iska ta taso daga wajen kogi, har ɗaki take kawo mana warin. Na ɗauko wayata, sai na tarar saƙonni sun yi tuli a gurup ɗinmu na masu zane.

Babu ƙwararre ko guda a cikinmu. Wani malamin lissafi a Doso ne ya kafa gurup ɗin, muna ce masa Mushe, kamar yadda ake kiran malaman boko da Faransanci. Ƙa'idodinsa ba yawa: da bik, wato biro, ake zane, ba a taɓa gom na goge rubutu, abin da idonka ya gani shi za ka zana, kuma hoton da aka tura ba a goge shi, komai muninsa. Duk Juma'a shi ke ba da abin da za a zana a makon. Akwai 'yan lise, wato ɗaliban babbar sakandare, akwai wata tela a Malanbil da muke kira Tanti, wadda bakinta ba ya raga wa kowa. Akwai kuma wani mai gyaran babur a Junju, wanda ba ya magana, sai dai ya turo hannuwa da sifana da tayoyi. Ni kuwa na gama lise ina jiran tafiya jami'a a Yamai, kullum kogi nake zanawa. Tanti ta ce ruwana kamar taliyar da ta kwana yake.

Mai gyaran babur ne ya turo zanen da ya tayar da hankali. Soja ne kwance a tabarma ƙarƙashin mangwaro, ya rufe fuska da hularsa, hannunsa guda bisa ƙirji. Takalmansa na ajiye a gefe. Takalman nan an danna musu bik sosai, har tsagar fata da kullin igiya ana gani, amma shi mutumin layinsa siriri ne, kamar hayaƙi. Ban taɓa ganin zane mai kyansa a gurup ɗin ba. Bai rubuta komai a ƙasa ba.

Su kuwa sun rubuta. Wani ya ce, "Kai, soja na barci a bakin aiki? A wannan lokacin?" Wani ya ce, "Ɗan'uwa, in ka gaji da gidanku ne, mu ba mu gaji ba." A kwanakin nan labari na yawo cewa ana kama mutane saboda abin da aka tura a waya, kuma wai mai riƙe da gurup, admin, shi ake fara tambaya. Ban san wanda aka kama ba, amma kowa ya san wani da ya san wani. Sai na riƙa ganin ƙananan rubutun nan suna fitowa: wane ya fita, wance ta fita. Can ƙasa, Mushe ma ya fita, ko sallama babu.

A ƙarƙashinsa aka rubuta cewa ni ce admin yanzu. Haka tsarin yake, in mai riƙe da gurup ya fita, wayar ce ke zaɓar wani da ka. Ni ta zaɓa, ni da ko a aji ba na ɗaga hannu.

Tanti ta turo murya: "To, 'yar kogi, sarauta ta faɗo miki. Goge mana abin nan kafin a zo a kwashe mu da kekunan ɗinkinmu."

Na kira mai gyaran babur, wayarsa a kashe. Na rubuta masa, saƙon bai shiga ba.

Babana ma'aikacin gwamnati ne, saura kaɗan ya ajiye aiki. Na kai masa wayar yana shan kunu, don ban iya ɓoye masa komai ba. Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ajiye ludayi.

"Goge shi, ki fita."

"Baba, in na fita wani za ta faɗa wa. Wata ƙila ɗan lise."

"To goge shi ki zauna."

"Ba a gogewa a wurinmu."

"A wurinku." Ya cire tabarau ya murza ido. "Gobe za ki kai wa kakarki magani Karakara. Kin san shingen da ke hanya. Wayar nan ba za ta hau mota da wannan abin a ciki ba. Kin ji ni?"

Na ce na ji.

Na koma ɗaki na danna kan hoton har alamar gogewa ta fito. Yatsana na sama da ita. Abin da ya tsayar da ni ba jarunta ba ce. Hannun nan ne da ke bisa ƙirjin sojan. Wanda ya zana shi haka ba dariya yake yi ba, na tabbata, ko da yake ba ni da hujjar da zan ba kowa. Amma in baƙo ya buɗe gurup ya ga soja kwance shi kaɗai, a tsakiyar kwale-kwale da tukwane da kekunan ɗinki, me zai ce?

Shi kaɗai ɗin nan ne ya tsaya mini a rai. Sai na tuna ranar Juma'a ce, kuma ni ke da ikon ba da abin zanawa.

Na rubuta, na sake rubutawa, sannan na tura: "Abin zanawa na wannan makon: barci. Duk wanda ka gani yana barci, mutum ko dabba. Ɗan'uwanmu na Junju ya riga mu farawa. Don Allah a turo kafin gobe da safe."

Ina ganin an karanta, ba wanda ya amsa. Wasu mutum biyu suka ƙara fita. Aka kira azahar, na yi salla ban san me na karanta ba. Da na leƙa tsakar gida sai ga Baba a kujerarsa ta roba bayan ya dawo masallaci, kai ya karkace, rediyo na magana bisa cikinsa. Na ɗauko kaye, littafin zanena, da bik na durƙusa bayan randa. Layin kafaɗarsa ya karkace, babu halin gyarawa. Na ɗauki hoto na tura haka nan.

Can sai wayar ta yi ƙara. Tanti ce. Ta zana mijinta kwance bisa tulin atamfa, baki buɗe. Ta rubuta: "Ga nawa. Wannan tun kafin a rufe iyaka ma haka yake." Wata 'yar lise ta turo mage a cikin kwano. Wani ya turo direban kamyo a ƙarƙashin motarsa, ya yi matashi da buhun albasa. Aka turo jariri a bayan uwarsa, kai ya lanƙwashe. Aka turo masunci a kwale-kwale, ya lulluɓe da taru. Wani da bai taɓa turo komai ba ya zana akuya, Tanti ta ce masa, "Wannan akuya ce ko jakar goro?" Na yi dariya har da hawaye.

Da safe Baba ya karɓi wayar ya yi ta ja da yatsa. Da ya iso kan nasa ya tsaya.

"Cikin nan ya yi yawa."

"Haka na gani, Baba."

Bai yi dariya ba. Ya ci gaba har ya kai kan sojan, ya dawo ƙasa. Ya miƙo mini wayar, ya ce in riƙe katin shaidata a hannu, kada in yi magana sai an tambaye ni. Har tasha ya raka ni, abin da bai saba ba.

Bayan mun fita gari aka tsayar da motar a shinge. Aka ce kowa ya sauko. Muka jeru a rana, wata tsohuwa na ta salati a bayana. Sojan da ke duba katuna matashi ne, leɓensa ya bushe. Daidai lokacin da ya iso kaina wayar ta fara ƙara a hannuna, saƙo bisa saƙo. Na manta ban rufe mata murya ba, kuma ni ce na ce a turo da safe.

"Malama, me ake ta aiko miki haka?"

"Zane ne."

"Zanen me?" Ya miƙo hannu.

Na buɗe na ba shi. Ina kallon babban yatsansa yana ja: direba, mage, mijin Tanti. A nan gefen bakinsa ya motsa. Ya ci gaba sama, ya wuce Baba, ya wuce rubutuna. Sai yatsan ya tsaya. Ya buɗe hoton da yatsu biyu, ya kusanto da shi. Ina jin kukan wata kurciya a kan bishiya, ina jin injin motarmu, na ce a raina ko wa zai kai wa kaka maganinta.

Ya juya ya kira abokin aikinsa da ke zaune bisa buhun yashi. "Kai, zo ka ga kanka."

Wancan ya taso ya leƙa. "Ni ba na cire takalmi."

"Saboda ka tausaya mana ne."

Suka yi dariya a taƙaice. Na farkon ya sake kallon hoton, dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

"Wani ɗan'uwanmu ne. Duk mako akwai abin da muke zanawa."

"Ya san takalmin." Ya miƙo mini wayar da katina. "Hau mota."

Muka isa Karakara, na miƙa maganin. Kaka ta ce me ya same ni na yi fari haka, na ce mota ce.

Gurup ɗin bai mutu ba. Wasu sun dawo, Mushe bai dawo ba, ni kuma na ci gaba da ba da abin zanawa duk Juma'a. Mai gyaran babur ya bayyana bayan wasu makonni da zanen sarƙar babur. Bai ce komai game da makon barci ba, mu ma ba mu tambaye shi ba.

Sai da na shekara a jami'a na haɗu da wata 'yar Junju a ɗakin kwananmu, unguwarsu ɗaya da shi. Na nuna mata zanen, ta gane tabarmar da mangwaron gidansu. Ta ce sojan yayan mai gyaran babur ne, a nan yake kwanciya in ya zo hutu. An kashe shi a bakin aiki kwanaki kaɗan kafin a turo mana zanen, can aka binne shi. Takalman da hular ne kawai aka kawo gida.