Layin da Bappa Hamadu ya sa na ƙara

Yau a ofishinmu na Garwa ina gyaran tsohon kod, wato rubutun umarnin kwamfuta, mai karanta ƙarin bayanan da ake liƙa wa fayil, sai na ci karo da layin da marigayi Bappa Hamadu, wanda ya koya mini aikin, ya sa na ƙara.

A lokacin, in karatun ya gaza, kod ɗina ficewa yake bai saki memorin da ya kama ba, wato wurin ajiyar kwamfuta. Ran nan kwamfutar ta cushe, aiki ya tsaya, na zaci kora ta zo.

Bappa ya ce in ƙara layin da zai riƙa sakin memorin, na ce, "Bappa, wallahi da wuya yake gazawa."

Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ai don wannan ranar muke rubutu."

Allah ya jiƙan Bappa. Ku fa, wace maganar mai gidanku ce ta zauna muku?